Firwil ɗin da na ɗaure da ƙafata

Ranar wata Laraba da yamma, a bayan wani wurin ajiye motoci a Manchesta, na ɗaga keke a kan tayar baya zan tsallaka daga wani dakali zuwa wani. Tazarar ba ta fi taku ɗaya da rabi ba, na kuma sha tsallake ta. Na saki birki, na harba feda, sai na ji ƙafata ta tafi a banza. Keken bai gusa ba, ni ne na yi gaba. Fedar ta dawo ta same ni a ƙwauri, ƙusoshinta suka zana mini layi uku. Ina zaune a ƙasa ina murza wurin, na kai hannu na juya fedar baya a hankali ina saurare. Maimakon ƙarar nan mai daɗi da na saba ji, tirrrr kamar ta gyare, sai na ji tana yankewa, ta yi shiru, ta dawo. Firwil, wato faifan haƙoran nan da sarƙa ke hawa, mai kamawa in ka taka gaba ya saki in ka juya baya, ya fara tsallake, kuma a irin wannan wasa firwil mai tsallake ba a lallaɓa shi. Yau ƙwauri ne, gobe haƙori.

Bari in ɗan yi bayanin keken, don duk wanda na nuna wa hotonsa a gida sai ya ce ina sauran. Keken tirayal ne, wanda ake hawa duwatsu da katanga da kututture da shi ba tare da an sa ƙafa a ƙasa ba. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen wasan ya yi tsiro, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, inda Pere Pi, wanda ya yi suna a tseren babur, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi keke na musamman, daga baya kuma aka kafa kamfanin Monty mai ƙera irin wannan keke. Ni dai bidiyon da ɗan wasan keke Danny MacAskill ya yi a titunan Edinbura a 2009 ne ya sa mini ƙwaɗayi, ko da yake irin nasa yana da sirdi da taya mai inci 24. Nawa irin na gasa ne, taya inci 20, babu sirdi sam, na kuma saye shi na hannu daga wani yaro da ya ce ya koma wasan ƙwallo.

Abin da ya bambanta shi da keken da muka taso da shi, ban da rashin sirdi, shi ne wurin da firwil yake. A keken gida firwil yana baya, a jikin taya. A nan kuwa yana gaba, an murɗa shi a jikin hannun fedar dama, daidai inda babban faranti yake a sauran kekuna. Haƙoransa 18 ne kacal, na baya kuma 12, shi kuwa na bayan a kafe yake, ba ya sakin komai. Saboda haka muddin taya tana juyawa sarƙa ma tana tafiya, ko kana taka feda ko ba ka takawa. Na rasa bakin wando biyu kafin in koyi naɗe shi. Ƙanƙantar firwil ɗin ce ke ba ƙasan keken sarari, kada ya riƙa dukan dutse. A tsakaninsa da hannun fedar akwai wani zoben alminiyam mai kauri, garkuwa ce da ke tare duka idan ka sauka a kan gefen dakali, kuma firwil ɗin ne ke danne ta a wurinta.

Na yi odar sabo a daren, tare da mabuɗinsa. Ranar Juma'a suka iso. Mabuɗin wani guntun ƙarfe ne mai rami a tsakiya, da 'yan yatsu huɗu da ke shiga tsaga huɗu a fuskar firwil, irin wanda masu keken BMX ke amfani da shi. Akwai firwil ɗin da ba ya karɓar wannan, sai mabuɗi mai haƙora 20, don haka kafin mutum ya biya kuɗi ya leƙa ya ƙirga tsagar nasa. Na dubi mabuɗin, na dubi agogo. Ƙarfe biyar. Na ce wa maiɗakina kafin a kira magariba na gama.

Farkon aikin ya tafi sumul, shi ma ya ƙara ruɗa ni. Na fara kwance fedar tun hannun yana jikin keke, domin idan ka cire hannun tukuna ba ka da abin riƙewa. Fedar dama hannun kwancewarta irin na kowane noti ne, ta hagu ce mai baya-baya. Na sassauta tayar baya na zame sarƙa, na sa alanki mai lamba 8 na fitar da ƙusar da ke riƙe da hannun fedar. Gindin fedata irin wanda ake kira ISIS ne, mai tsaga goma, kuma sandarsa rami ne da ita a ciki. Wannan ramin yana cin mutane: idan abin zarowarka, wato ƙarfen da ake murɗawa a ramin hannun feda don a zaro shi, mai siririn kai ne, maimakon ya tokare sandar sai ya nutse cikinta ya ɓata mata zaren da ƙusa ke murɗuwa a ciki. Nawa mai faffaɗan kai ne. Na murɗa shi har ƙarshe da hannu, sannan na sa sifana, hannun fedar ya zamo a hankali ya faɗo mini a tafi, da firwil da garkuwa duk a jikinsa. Minti goma sha biyar ke nan.

Sai na shimfiɗa tsohon kwali a ƙasan kicin, na kwantar da hannun fedar fuskar firwil tana kallon sama, na take shi da ƙafa, na ɗora mabuɗin, na kama shi da babbar sifanar nan mai daidaita baki. Na ja. Ko gezau. Na gyara tsayuwa na ƙara ja har jijiyar wuyana ta tashi. A karo na uku mabuɗin ya kuɓuce, sifana ta yi nata wuri, bayan yatsuna suka daki haƙoran firwil. Na tsotsi jinin, na ɗauko guduma. Wannan shi ne babban wautar da na yi a ranar, domin kowane duka sai mabuɗin ya yi tsalle ya fito daga tsagar, kuma da na haska da fitilar waya na ga kusurwar tsaga ɗaya ta fara zama kamar bakin cokali. Zurfin tsagar nan bai fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba. A kan wannan ɗan wurin duk ƙarfin da mutum zai yi yake sauka, idan kuwa ya cinye, mabuɗi ya tashi daga aiki.

Aka yi magariba, aka yi isha'i. Wankin hula ya kai ni dare.

Ina da kawu a Zariya da ya yi fiye da shekara talatin yana gyaran keke a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. A wurinsa na fara riƙe sifana, lokacin da ake kawo masa Raleigh da Phoenix ana jerawa kamar awaki a kasuwa. Na kira shi ta bidiyo. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da sanyi, na juya masa waya ya ga keken da ke jingine da bango.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, wa ya sace maka sirdin?"

Na ce, "Kawu, haka ake yin sa. A tsaye ake hawa."

Ya yi shiru, ya ce, "Kuma da kuɗinka ka saya?"

Da na nuna masa hannun fedar sai wasa ya ƙare, ya matso da fuskarsa har ba na ganin komai sai gilashin idonsa. Bai taɓa ganin firwil a gaba ba, amma bai ɗauki minti ɗaya ba ya gane lissafin. Ya sa na juya masa ta baya, na juya masa ta gaba, ya ce in nuna masa ta inda nake ja. Na nuna. Ya ce daidai ne, hannun kwancewa ke nan, kishiyar tafiyar agogo idan kana kallon fuskar da ke da tsaga.

Sannan ya ce, "To wa kake jin haushi? Ai kai ka ɗaure shi. Duk takun da ka yi, ɗauri ne."

Gaskiyarsa. Zaren da ke jikin hannun fedar, wanda makanikai ke ce wa tiredi, irin na bayan keke ne sak: faɗinsa inci 1.37, wato kusan milimita 35, da layi 24 a kowane inci, kuma na dama ne. Duk sanda ka taka feda gaba, hannun yana ƙara nutsewa cikin firwil. Babu wani noti da ke riƙe shi don ba a bukata. A keken gida mutum yana zaune ne yana taka feda cikin lumana, amma duk da haka firwil na kafewa. A nan kuwa nauyina gaba ɗaya, kilo 78, nake saukewa a kan hannu mai tsawon milimita 165, ba ma a hankali ba, da harbi, taya kuma a maƙale da birki ko da dutse. Na yi wata goma sha huɗu ina haka, wanda ya sayar mini ma ya yi nasa. Sai ga ni da sifana mai tsawon taƙi ɗaya ina son in warware aikin ƙafafu huɗu.

Kawu ya ba ni hanyoyi biyu irin nasu. Ta farko, tunda firwil ɗin ya riga ya mutu, in sa kurfi da guduma in kwance zoben da ke rufe fuskarsa, in zubar da boris da duk kayan ciki, in cire faifan haƙoran, sai ya rage uwar kaɗai, in matse ta a bais, wato mamatsin ƙarfen nan da ake kafewa a tebur, in murɗa. Ya ja mini kunne cewa shi zoben baya-baya ne, ta hannun ɗauri ake kwance shi. Ta biyu, in kai wa mai walda ya ɗana masa guntun rodi. Na ce masa walda a nan garin ba kamar ta Sabon Gari ba ce da za ka tsaya a bakin titi a yi maka kana tsaye, kuma ina tsoron zafi a kan alminiyam. Ya ce to in jiƙa shi da kananzir ya kwana, in kuma nemi bais, "na gaske, wanda aka kafe, ba wanda za ka riƙa binsa a tsakar ɗaki ba."

Maganar zafin nan ta ɗan riƙe ni a daren, don maƙwabcina ma da ya ji buge-buge ya leƙo ya ce yana da ɗan murhun gas na masu aikin famfo, in zo in ara. Kowa ya san idan noti ya ƙi, wuta ake sa masa. Amma noti yana saki ne saboda shi ke waje, ya buɗe ya bar ƙusa. A nan abin da ke ciki alminiyam ne, na waje kuma baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Idan ka gasa su tare, na cikin ne zai ƙara cika na wajen. Akwai masu yi duk da haka, su dafa ƙarfen da sauri kafin zafi ya ratsa, ko su bari ya yi zafi ya huce don tsatsa ta farfashe, wasu kuma suna dacewa. Ni dai ban yarda in kai harshen wuta kusa da abin da zan dira a kansa daga kan katanga ba, domin zafi mai yawa yana kashe ƙwarin alminiyam, ido kuma ba ya gani. Sai na juya lissafin: in zafi yana matsewa, sanyi zai sassauta. Na fesa man sassauta tsatsa a bakin tiredin ta kowane gefe, na bar shi awa biyu, na naɗe shi a leda biyu na tura cikin firiza.

Da asuba maiɗakina ta buɗe za ta ɗauko nama, na ji ta daga ɗaki.

"Abban Ummi, wannan kuma na miya ne ko na farfesu?"

Na lissafa daga baya, tazarar da sanyin firiza zai iya buɗewa a tiredi mai wannan faɗi ba ta kai rabin kaurin gashin kai ba. Ko ta taimaka, ko ranta ne kawai na ɓata, Allah masani.

Bais kuwa na san inda yake. Akwai wani dattijo mutumin zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, yana da garejin gyaran mota a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kowa Baba Alhaji yake ce masa. A hanya na tsaya shagon kayan gini na sayi abin da ya kamata in fara saya tun jiya: doguwar ƙusa mai kaurin milimita 10 da tsawon 100, da notinta, da manyan washa guda uku. Duka kuɗinsu bai kai na shayi da burodi ba. Hannun fedar kuma yana cikin jakar sanyi da muke zuwa cefane da ita.

Baba Alhaji ya juya shi a hannu, ya shafa tsagar da na ɓata da babban yatsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Guduma ka sa."

Na ce, "Kaɗan ne, Baba."

"Kowa kaɗan yake cewa."

Ga yadda muka haɗa shi, kuma a nan duk aikin yake. Na zaunar da mabuɗin a fuskar firwil, yatsu huɗu cikin tsaga huɗu, bayan na sa tsinke na ƙwaƙule dattin da ke ƙasan kowace tsaga don su shige har gindi. Na zura ƙusar ta ramin hannun fedar ta ɓulla ta ramin mabuɗin. Washa biyu a gefen hannun fedar, manya da za su zauna a kan baki su kare siririn tiredin da abin zarowa ke kamawa, ɗaya kuma a bayan mabuɗin, sannan noti. Na ɗaure har sai da mabuɗin ya daina ko motsi. Yanzu ba shi da hanyar tsalle. Ko ya juya firwil, ko yatsunsa su karye.

Ni niyyata in matse hannun fedar a bais tsakanin katako biyu, in ja mabuɗin da sifana. Ana yin haka, yana kuma yi. Baba Alhaji ya ce a'a, a kifa shi. Mabuɗin ne za a matse a bais, tunda ƙarfe ne mai gefe-gefe da bais zai cije sosai, hannun fedar kuma ya zama shi ne sifanar. Ya fi, domin an rage abu ɗaya da zai iya zamewa. Muka kifa, mabuɗi a ƙasa cikin bais, firwil a kansa, hannun fedar a sama yana miƙe kamar hannun agogo. Ya sa yaron shagonsa ya jawo wani bututun ƙarfe daga bayan tayoyi, irin wanda magina ke haɗa dandamali da shi, tsawonsa mita ɗaya da rabi. Na naɗe hannun fedar da tsohon tiyub don kada bakin bututun ya ci shi, muka zura har kusa da garkuwa. Idan bututu ya tsaya a ƙarshen hannu kawai, wurin ramin feda, yana iya lanƙwasa shi.

Da aka kifa abu, kai ma sai ya kife. Na tsaya ina zana da'ira da yatsa a iska ina neman ina ne hagu. Abin da ya warware mini shi ne na tuna yanzu ina kallon hannun fedar ne ta waje, yadda nake ganinsa idan na tsaya a daman keke. Taka feda gaba ɗauri ne. Ke nan in tura shi yadda ake mayar da feda baya, kishiyar agogo. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ba ko ta ina aka juya masa.

Mita ɗaya da rabi ya ninka tsawon hannun feda sau tara. Na kama ƙarshen bututun na tura da ƙarfin hali, ina tsammanin zai tafi kamar ƙofa. Abin da ya tafi shi ne teburin. Teburin ƙarfe ne mai nauyi, amma ba a kafe ƙafafunsa a ƙasa ba, ya ja jiki ya bi ni da ƙara, gwangwanin notuna ya kife. Baba Alhaji ya ce wa yaron ya hau ya zauna a ɗaya ƙarshen, shi kuma ya tokare ƙafar teburin da tasa.

"Kada ka fizga, ɗana. Jingina kawai. Ka ba shi nauyinka, ka jira."

Na sa ƙirji a bututun, na kafa ƙafa a gindin bango, na jingina. Ina jin bututun yana ɗan lanƙwasa, tiyub yana kuka a ciki. Na ƙara. Na ƙirga har bakwai a zuci, ina kallon yatsun mabuɗin, musamman wanda ke cikin tsagar da na ɓata. Sai ji na yi ƙwas! kamar an karya busasshen icce, bututun ya tafi da ni taku biyu, na tsaya da hannu a jikin wata mota. Gabana ya faɗi. Na tabbata hannun fedar ne ya tsage, ko kuma tiredin alminiyam ɗin ya kwashe gaba ɗaya. Yaron da ke kan tebur yana ta dariya. Baba Alhaji ko gira bai ɗaga ba, ya ce, "Ya saki."

Na zare bututun na duba. Babu tsaga. Hannun ya gusa kamar faɗin tafi daga inda yake, garkuwar kuma da a da take kamar an haife su tare, yanzu tana juyawa da yatsa. Murna ta sa na kama hannun fedar na ci gaba da murɗawa, ya tafi kamar rubu'in zagaye, ya sake cijewa. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara tauri. Na miƙa hannu zan ɗauko bututun, dattijon ya riƙe shi.

"Ƙusarka fa?"

Na manta da ita sarai. Firwil yana kwancewa yana nesa da hannun fedar ne, ƙusar da na ɗaure kuwa tana haɗe su. Kowane zagaye yana neman sarari na kusan milimita ɗaya, ni kuma na hana shi. Da na sa bututu a wannan halin, da tiredin alminiyam ne zai biya, domin shi ne mai taushi a cikinsu. Na sassauta notin zagaye ɗaya, na murɗa hannun, na ƙara sassautawa, na ƙara murɗawa. Bayan zagaye biyu na cire ƙusar gaba ɗaya, sauran da yatsu na ƙarasa.

Da ya fito sai na ga dalilin rabin wahalar. Tiredin a bushe yake ƙayau, babu alamar an taɓa shafa masa giris, cike da wani farin gari kamar toka. Haka alminiyam yake yi idan ya daɗe manne da ƙarfe ruwa yana shiga tsakaninsu, ga garin nan ba ya rabo da ruwan sama, ga gishirin da ake zubawa a titi lokacin hunturu. Man da na fesa jiya kuwa layi biyu na farko kawai ya jiƙa, sauran ko ƙanshinsa ba su ji ba. Na wanke da tsohon buroshin haƙori da ɗan fetur, na bi layin ɗaya bayan ɗaya da farce. Duk suna nan da kaifinsu, sai na bakin da ya ɗan kwanta.

Na tambayi Baba Alhaji me za mu yi da a ce tsagar ta cinye. Ya nuna garkuwar da baki, ya ce da sai a yanka ta. Na taɓa jin haka wurin masu wasan: yawancin ɗaurin yana kan fuskar da firwil ya danne garkuwa ne, idan aka yanke ta da zarto aka zare, matsin ya tafi, sau da yawa firwil ya kwance ba gardama. Asarar garkuwa ta fi asarar hannun feda sauƙi. Wasu sababbin kekunan ma sun rabu da wannan fitina, firwil ɗinsu zura shi ake yi a kan tsaga a rufe da zobe, babu tiredin da ƙafa za ta ɗaure. Nawa ba ya cikinsu.

Ɗaura sabon bai ci minti biyar ba. Na shafa wa tiredin man nan mai ruwan jan ƙarfe da ake sa wa ƙusar da ba a so ta kafe, Baba Alhaji ne ya miƙo mini gwangwanin. Giris na yau da kullum ma ya wadatar. Na mayar da garkuwa, na daidaita ɓangarenta mai kauri ya kalli ƙasa idan ƙafata ta dama tana gaba, don haka nake tsayuwa. Na ɗora firwil, fuska mai tsaga tana kallon inda jikin keke zai kasance, na fara juya shi baya har na ji ya faɗa bakin tiredi, sannan na yi gaba da yatsu kaɗai. Ƙarfe a kan alminiyam, idan ya hau a karkace ba ya faɗa maka, yanka sabuwar hanya kawai yake yi. In ya yi tauri a zagaye na farko ko na biyu, a dawo a sake. Nawa ya tafi har ƙasa. Na ɗan ƙara masa da mabuɗin, sauran na bar wa ƙafa.

Na ciro kuɗi, dattijon ya harare ni. Ya ce in dai ina son in biya, ranar Juma'a in zo da keken ya ga yadda ake hawa abin da ba shi da wurin zama.

A gida na mayar da komai, na shafa giris a tsagar gindin feda, na ɗaure ƙusar sosai. Na fita bakin titi, na damƙe birkin baya na tsaya a kan feda. Sau biyu na ji ta ɗan nutse ƙarƙashina, firwil yana neman mazauninsa, garkuwar ma ta ɗan gusa daga inda na ajiye ta. A na uku ya tsaya cak. Na juya baya, ƙara ta dawo. Sabon yana kamawa sau 108 a zagaye ɗaya, wato da ka motsa feda digiri uku da ɗan ɗoriya ya cafke. Harsuna tara ne a ciki, wato 'yan ƙarafan da ke cafkewa, kashi uku, suna karɓa-karɓa a kan wasu haƙora 36 na ciki.

Tsohon kuwa ban iya jefar da shi ban ga cikinsa ba. Da daddare na sa kurfi a ɗan ramin zoben, na buga ta hannun ɗauri kamar yadda Kawu ya ce, ya kwance. Ban sa faranti a ƙasa ba. Boris ƙanana kamar ƙwayar gero suka watse a kicin, har yau Ummi tana tsinto su a gindin injin wanki tana kawo mini. Sifirin ɗaya ya karye biyu, harsuna biyu bakinsu ya guntule, ga wani baƙin giris mai kauri da ya daskare ya riƙe sauran, da alama yaron da ya sayar mini ya cusa shi don ya rage ƙara. Irin wannan firwil mai ruwa-ruwa yake so, giris mai kauri hana harsunan tashi yake yi, balle da sanyi.

Na jera su a kan farar takarda na ɗauki hoto, na haɗa da na mabuɗin da ƙusarsa a ɗaure, na tura wa Kawu. Sai da safe ya amsa da muryarsa, ana jin ƙarar babura a bayansa. Bai ce komai a kan harsunan ba. Ya ce wannan ƙarfen mai yatsu huɗu, idan zan zo Babbar Sallah in taho masa da guda biyu, ƙusar kuwa kada in wahalar da kaina, akwai ta a Sabon Gari.